Takin Maraya

An sayar da jakin ƙarshe na unguwarmu makon jiya. Tsoho ne tukuf, kunne ɗaya a lanƙwashe, baya duk tabon akumari, amma da hantsi ya yi sai ya buɗe maƙogwaro ya sanar da kowa yana nan da ransa. Mai shi ya ce ya gaji da nema masa harawa, ga a-kori-kura nan tana kai kaya gona kafin ka gama ɗora wa jaki mangala. Gaskiyarsa ce, kuma jakinsa ne. Sai dai tun ranar in na zauna a ƙofar gida sai in ji kamar an cire wani abu daga unguwar. Babura na wucewa, injin niƙa na ruri, samari na kallon ƙwallo a waya suna ihu, amma ni kunnena shiru yake ji. Jikokina sai dariya suke, wai Kaka yana zaman makokin jaki. Ku yi dariyarku, 'yan nema. Ba ku san abin da jaki ya ɗauka a garin nan ba.

A zamaninmu bazara ba lokacin kwanciya a inuwa ba ne. Da gari ya waye za ka ji ƙwas-ƙwas ɗin kofato a burtali, jakuna a jere, kowanne da mangala cike da taki, masu su na biye suna tsaki suna taɓa su da kara. Daga cikin gidaje kuma luguden mata ne da ƙarar tsintsiya. Ba abin da ake zubarwa. Tokar murhu, kashin awaki, ragowar karan da dabbobi suka tattake, duk sai a tara a bayan gida. Masu ƙarfi su kai itace birni su dawo da takin birni, tafiyar da yanzu ko a mota yaro sai ya ce ya gaji. Ƙasarmu ta nan wajen Minjibir jigawa ce, gona manne da gona, ba wadda ake bari ta huta, don haka abin da ka ba ta a rani shi za ta mayar maka da kaka. Yau mutum ya shiga kasuwa ya ɗauko buhun takin zamani, ya barbaɗa da murfin kwalba, ya koma kan babur ko ƙafarsa ba ta ɓaci ba. Ban ce bai yi ba, ni ma ina saya. Amma buhu ba shi da shari'a, takin gida kuwa yana da ita. Wanda ya zuba taki a gona, ko ta aro ce, ba a tashinsa sai ya ci takinsa, damina biyu ko uku. In mai wayo ne, kafin ukun su cika ya sake zuba wani. Gonaki da yawa sun sauya hannu ta haka, ba ciniki ba faɗa, kuma kowane yaro a garin nan ya tashi da sanin wannan.

Babana dogo ne siriri, mai surutu kamar me. Hira yake da jakinsa tun daga gida har gona, ya tambaye shi ya kuma ba wa kansa amsa. Gonarsa guda ce, a bakin burtali, an kewaye ta da gamba, da wani gawo a tsakiya inda yake fara sauke mangala kowace shekara. Shi ya koya mini tazarar tsibi da tsibi, taku goma, ya ce wanda ya matse su rowa ce za ta kama shi a ƙarshen gona. Wata kaka, an gama ɗaure gero ke nan, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana huɗu, a na biyar aka kai shi. Lokacin ban daɗe da fara cika azumi ba. Ban yi kuka ba. Masu gaisuwa suna ta cewa yaron nan jarumi ne, ni kuwa ba jarumta ba ce, wani abu ne ya tokare mini a ƙirji ya ƙi hawa ya ƙi sauka. Abin da ya fi damuna jakin nan ne. Kullum da hantsi sai ya juya kai wajen ƙofar ɗakin Baba ya yi ta kuka, ni kuma in rasa abin da zan ce masa.

Inna ta gama takaba, shekara ta zagayo, ta yi aure a unguwar gaba. Mijin manomi ne da kowa ke ce wa Malam, matarsa ta rasu, 'ya'yansa maza biyu sun yi iyali suna gandu tare da shi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kuma in ka ƙirga maganarsa ta yini guda ba za ta cika tafin hannu ba. Dangin Baba maza duk sun yi nisa, sai Gwaggo kaɗai, yayarsa, don haka na bi Inna a matsayin agola. Na tafi da gadona yana tafiya da ƙafarsa: jaki ɗaya, tumaki biyu, awaki uku. Gonar kuwa aka ba mijin Gwaggo aro, sai na yi ƙarfin riƙe ta.

Ranar da muka isa na tarar Malam ya riga ya ja wata 'yar danga a bayan rumbu, nesa da inda nasa dabbobin suke, har da bijiminsa biyu na kiwo. Ya nuna mini da haɓa.

"Nan ne wurinsu. Kada ka haɗa su da nawa. Shararsu ma a nan za ka riƙa tarawa, kada ta je tsibin gida."

Shi ke nan abin da ya faɗa, ya juya. Wallahi sai na ji kamar ya mare ni. Na ce a raina, ato, agola dai agola ne, har dabbobinsa ma agololi ne, ko kashinsu ba a so ya taɓa na 'yan gida. Wata rana da gangan na kwashi sharar na kai tsibin gida. Ya zo ya tsaya a kai, ya duba, ya miƙo mini kwando ya ce in tsince in mayar. Na tsince ina haɗiyar zuciya, matan 'ya'yansa suna leƙe. Wanda zai yi mini bayani babu. Ni ɗan fari ne, Inna ko sunana ba ta kira, balle ta zaunar da ni ta ce ga dalili. Yanzu uwa ta zauna da ɗanta na fari suna hira suna tafawa, ban ce laifi ba ne, har ina sha'awarsu. Mu kunya aka san mu da ita, kuma kunyar nan ta ci mu a wasu wuraren.

Haka muka yi damina biyu. Ina fita gandu da su, ba wanda ya taɓa riga ni kai bakin kunya a sa'o'ina, wannan kam ko a gaban wa zan faɗa. Tuwo ba a rage mini ba, riga da salla ana ɗinka mini. Amma gaisuwata gare shi iyakarta leɓe. In ce "Malam, ina kwana," idona na kan bango, shi ma ya ce "Lafiya," a wuce wurin. In ya shigo zaure in fita. In ya yi tari a bayana in ji haushi. Ba don ya yi mini komai ba. Laifinsa dai yana da rai, yana zaune a inda Inna ke ajiye ƙwaryar fura, nawa uban kuwa yana ƙarƙashin ƙasa.

A rani na biyu mijin Gwaggo ya saki gonar. Ko kwando ɗaya bai taɓa zuba mata ba, ban kuma ga laifinsa sosai ba, takinsa bai ishi tasa ba. Gonar ta gaji, ƙuduji ya fito ya yi ja a gindin dawa. Da bazara ta kama na je gidan Gwaggo taya su baibayar ɗaki, na yi kwana biyar. Safiyar da zan dawo ta rako ni bakin hanya tana gyara lulluɓi. Mace ce mai ƙaunata, amma bakinta ba ya zama.

"Kai, buɗe idonka," in ji ta. "Gonar ƙanena ta dawo, ba mai tsaya mata. Mutumin nan mai shiru-shiru, 'ya'yansa biyu sun yi iyali, gandunsu ya yi musu kaɗan. Ranar da ka ga ya zuba taki a gonar nan, to, ka yi mata sallama. Ni dai na faɗa maka."

Maimakon in nufi gida sai na biya ta gonar. Tun daga burtali na hango su, tsibi-tsibi, baƙi wuluk a kan farin yashi, daga gindin gawo har gamba. Na ƙarasa da sauri. Wani dattijo maƙwabcin gonar yana sassabe, na tambaye shi ko aikin wa ne.

"Malam ne mana, mijin uwarka. Kwana uku ke nan yana jigila shi kaɗai. Allah ya saka masa."

Na ce ya ara mini kwando da fartanya. Ya ba ni, yana zaton bazawa zan yi. Ni kuwa na durƙusa a tsibin farko na cika kwando, na ɗora a ka, na fita da shi burtali na juye. Na dawo na biyu. Dattijon ya saki baki. "Kai, lafiyarka kuwa? Taki fa kake zubarwa!" Ban kula shi ba. Rana ta take, yashi na ƙona tafin ƙafa, gumi da taki suna gangaro mini a fuska, ni kuwa sai kaiwa da komowa nake. Masu wucewa suna tsayawa suna salati. Wata mata mai tallan nono ta ce a riƙe yaron nan, an yi masa asiri. Shanu suka biyo burtalin suka bi ta kai suka watsa. Ban sha ruwa ba, ban zauna ba, azahar ma a makare na yi ta. Kafin la'asar ba tsibi ko ɗaya a gonar Baba. Na tsaya na dube ta fes, na ji a duniya ba namiji kamata.

Daga nan ban tsaya wanka ba na wuce ƙofar mai unguwa. Yana zaune a zaure da dattawa uku. Na faɗi na yi gaisuwa, na ce ƙara na kawo: mijin uwata ya zuba taki a gonar maraya don ya cinye ta, na kwashe, kuma ina so a ja masa kunne a gaban shaidu. Mai unguwa ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Ka kwashe? Duka?" Na ce duka. Ya ce, "Inna lillahi." Ya aika a kira Malam.

Malam ya zo da igiya a hannu, ya tuɓe takalmi ya zauna.

"Malam, ka zuba taki a gonar yaron nan?"

"An zuba, ranka ya daɗe."

"Takin wa?"

"Nasa."

Mai unguwa ya juyo gare ni. "Kai, ɗan nan, saurara. Tun kafin uwarka ta tare, mutumin nan ya zo ya ɗauke ni, da ni da liman, ya kai mu bayan rumbunsa. Ya ce mu shaida, dabbobin maraya a nan za su zauna su kaɗai, takinsu ba zai gauraya da nasa ba. Ya ce yau yana raye, gobe ba ya nan, kada wata rana wani daga cikin 'ya'yansa ya tashi ya ce takin gidansu ya shiga gonar nan, suna da haƙƙi a ciki. Rani biyu yana ciyar da su da harawarsa da dusarsa, bai ɗebi ko cikin hannu ya kai tasa gonar ba. Bai bari an kai wa mai aro ba don kada a cinye maka. Jakinka ne ya ɗauka, ba nasa ba. Takinka ka zubar, shashasha."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce a samo tsumagiya. Malam ya ɗaga hannu.

"A bar shi. Gonar ubansa ya tsare. Da ya ga taki ya yi shiru ya wuce, shi ne zan damu." Sai ya juyo ya dube ni, karon farko da na yarda idona ya haɗu da nasa. "Abu ɗaya ne ya ba ni haushi. Yini guda kana dama taki da hannunka, ba ka lura babu kashin shanu ko ɗaya a ciki ba? Ni mai bijimi biyu? Wane irin manomi ne kai?"

Dattawa suka kwashe da dariya, har mai neman tsumagiyar. Ni kuwa kaina na ƙasa, ina kallon baƙin da ya cika mini farce.

Washegari da sassafe na ji ana ɗora wa jakina akumari. Malam ne. Bai ce in zo ba, ban ce zan je ba, muka kama hanya yana gaba ina baya. Hadari ya fara haɗowa a gabas kwanakin nan, in ruwa ya sauka a burtali komai ya tafi. Muka yi ta kankare abin da shanu suka bari, rabi taki rabi yashi, muna cika mangala. Da muka shiga gonar da kayan farko, jakin nan bai jira an ja shi ba. Ya miƙe kai tsaye zuwa gindin gawo ya tsaya cak, ya sunkuyar da kai, yana jira a sauke. Nan abin da ya tokare mini ƙirji shekara uku ya fashe. Na rungume wuyan jaki na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka ɗauki Baba, da majina da komai, ƙato da ni. Malam ya juya mini baya, ya tsuguna yana ta gyaran wata igiya da ba abin da ya same ta. Sai da na lafa ya yi magana, bai waiwayo ba.

"Allah ya jiƙan mai gonar nan. Mun sha yin gayya tare. Surutu yake yana noma, ni ina shiru, amma ban taɓa riga shi fita kunya ba. Ko sau ɗaya."

Ban taɓa sanin ya san Baba haka ba. Na ce amin. Muka ci gaba da aiki.

Abin da muka ceto bai kai rabi ba. Mun ba gefen gawo, gefen burtali ya tafi haka. Daminar nan ni na noma gonar da hannuna, Malam ya sallame ni daga gandu kwana biyu a mako. Da gero ya yi kai, kowa ya wuce sai ya ga wautata a tsaye: gefe ɗaya ya fi ni tsawo, gefe ɗaya iya ƙugu. An daɗe ana tsokanata da ita a dandali, har suna aka sa mini, wanda ba zan faɗa wa jikokina ba ko za su mutu. Amma damin farko da na ɗaure, na gonar ubana ne, da takin dabbobin ubana, ba hannun kowa a ciki. Na ɗora a ka na kai ƙofar ɗakin Inna na ajiye. Ta daɗe tana shafa zangarniyar.

Gonar tana nan har gobe. An kewaye ta da fuloti, masu buga bulo sun kafa inji a inda burtali yake, dillalai sun zo mini ya fi a ƙirga da takardu da murmushi. In ba su ruwa su sha, in raka su bakin hanya. 'Ya'yan Malam da jikokinsa kuwa, ba wanda ya taɓa buɗe baki ya ce yana da ko taku ɗaya a cikinta, kuma zumuncinmu bai taɓa tsinkewa ba. Ina alfahari da ubana da ya bar mini ita, ina alfahari da mutumin da ya tsare mini ita daga 'ya'yan cikinsa tun ba su yi tunanin nema ba. Yanzu sai a tara lauyoyi a kan abin da shi ya gama da 'yar danga ta kara.

Da rani ya zagayo tsibina ya sake taruwa, don tumakin sun haihu. Safiyar da zan fara jigila na cika mangala har tana zuba, na kora jaki. Da muka zo mararraba ya nufi hanyar da ya saba, na tare shi na juya shi wajen gandun Malam. Na same shi yana tattara kara zai ƙona, manyan 'ya'yansa biyu suna can gefe suna sassabe. Ya ɗago ya dubi jakin, ya dubi mangalar, ya dube ni.

"Ka ɓata hanya ne?"

"Ban ɓata ba."

"Takin wa?"

"Nawa."

Ya jingina da sandarsa. 'Ya'yan suka daina sara, suka miƙe tsaye suna kallo.

"Ka san abin da ake cewa a kan wanda ya zuba taki a gona?"

Na ce, "Na sani. Ba a tashinsa."

In ya ce in juya da kayana, a gaban 'ya'yansa zai faɗa, kuma na san ba zan sake kawowa ba. Na kama bakin mangala zan sauke a nan gefen gamba inda nake tsaye. Ya dubi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗaga murya yadda za su ji, shi da ba a jin muryarsa.

"Ba nan ba. Baƙo ne ke saukewa a gefe. Ja shi tsakiya."